Ciwon da Ya Hana Ni Amsa Gaisuwa

Tun ina ƙarama aka san ni da surutu. Inna, Allah Ya jiƙanta, takan ce in na buɗe baki tun wanke-wanken safe ba na rufewa sai barci ya sace ni. Da na girma bakin nan ya zama jarina. Na yi karatun koyarwa, na kama aiki a wata makarantar firamare a Funtuwa, inda na shafe fiye da shekara 20 ina riƙe da 'yan aji ɗaya da aji biyu, waɗanda ba sa koyon komai sai da waƙa da ɗaga murya da maimaici. A unguwa ma, in ana sulhu tsakanin mata ko za a kai amarya, ni ake turawa gaba in yi magana. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ciwon nan ya karɓe a hannuna.

A wani hunturu ya fara, ina da shekara 47. Ina alwalar asuba, na kai ruwa fuskata, sai na ji wani abu ya fizge ni daga gefen hancina na dama, ya ratsa leɓen sama ya shige cikin haƙora, kamar na kama wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu. Butar ta suɓuce. Kafin in yi salati har ya wuce. Na tsaya ina shafa wurin, babu kumburi, babu jini, babu komai. Na ƙarasa alwalata na ce sanyi ne.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo ina asuwaki. Daga nan sai a wurin cin abinci, sai a cikin aji ina tsakar koyarwa. Na san ciwon haƙori, na yi shi ina budurwa: zugi ne da ke kwana da mutum ya tashi da shi. Wannan dabam ne. Yakan zo a daƙiƙa kaɗan, in ya daɗe bai kai minti biyu ba, ya tafi ya bar ni garau. Da dare in na samu barci ya ɗauke ni, da wuya ya tashe ni. Amma a 'yan daƙiƙun nan ba na iya motsi, ba na iya numfashin kirki, hawaye na zuba ta idon dama kawai. Na haihu ba sau ɗaya ba, kuma ina faɗa da gaskiyata cewa naƙuda ba ta taɓa sa ni tsoron da wannan ya sa ni ba, don ita naƙuda ana ganin zuwanta, an kuma san ranar ƙarewarta.

Tunda a haƙora nake jin ƙarshensa, wurin likitan haƙori aka nufa da ni. Ya duba ya ga ɗan rami a wani turmi na sama, ya cike. Ciwo bai fasa ba. Na koma, aka cire haƙorin. Na samu sauƙi na ɗan lokaci har muka yi hamdala, sai ga shi ya dawo, wannan karon har ƙasan muƙamuƙi. A wani wurin aka sake cire na kusa da shi. Tsakanin nan babu abin da ba a sa mini a dasashi ba: kanumfari, man habbatus sauda, ruwan gishiri mai ɗumi. Yaron kemis ɗin unguwarmu ya fara ba ni farasitamol, ya koma wasu masu ƙarfi, daga ƙarshe ya miƙo mini tiramadol a ɓoye. Barci kawai ya sa ni da jiri. Fizgar na zuwa a lokacinta kamar ban sha komai ba.

A hankali na haddace abubuwan da ke tayar da shi. Iskar fanka. Iskar babur in an ɗauko ni daga makaranta. Gefen hijabi in ya goge ni a kunci. Murmushi. Tauna. Abin mamaki, taɓawa mai sauƙi ta fi tayar da shi a kan dannawa da ƙarfi. Ƙuda in ya sauka gefen hancina ya isa. Na kuma lura cewa in fizgar ta wuce, akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da ko na taɓa wurin ba ya tashi. A wannan 'yar tazarar nake kurɓar kunu da sauri ta ɓarin hagu. Tuwo, nama, rake, duk na bar su. Na daina wanke ɓarin fuskata na dama sosai, na daina goge haƙoran wajen. Zannuwana suka yi mini yawa.

Alwala ta zama abin da nake fargaba sau biyar a yini, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Maigidana ya tambayo malaminsu, ya ce mara lafiya na da sauƙin taimama, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratul Ma'ida. Na ji daɗin sauƙin, sai dai taimama ma shafar fuska ce. Na koma ɗumama ruwa, in ɗora tafin hannuna a hankali in danne, ina addu'a a zuci kada ya tashi.

Sai magana. Duk harafin da leɓɓa ke haɗuwa a kansa yana iya tayar da shi, sallama da amsa ta kuwa cike suke da irin waɗannan. Na fara amsa gaisuwa da ka. In mata sun shigo sai in ɗaga hannu, in nuna kuncina. Da farko ana cewa sannu. Da tafiya ta yi nisa, kuma ga fuska lafiya lau babu kumburi, sai zance ya canja. Ya dawo kunnena cewa Malama ta fara girman kai tunda babban ɗanta ya samu aiki. Wasu suka ce miskilanci ne na tsufa. A makaranta shugabanmu ya kira ni ofis ya ce iyaye na ƙorafi ajina ya yi shiru, rubutu kawai nake yi a allo. Na rubuta masa bayani a takarda. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, “Malama, ciwon haƙori ai ba a kanki aka fara ba.” Ban ga laifinsa sosai ba a yau, amma ranar na yi kuka a hanyar gida, kukan ma ina yi ina tsoron hawayen da ke gangarowa ta kunci.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne rasuwar mijin maƙwabciyata, matar da muka yi zaman shekaru da ita, muna ba juna gishiri ta kan katanga. Ranar ciwon ya matsa mini tun safe. Na shiga gidan makokin na durƙusa gabanta, na buɗe baki zan ce Allah Ya jiƙansa, sai ya fizge ni. Na dafe fuska na miƙe na fita, ban ce mata uffan ba, a gaban mata cike da tsakar gida. Na aika 'yata ta ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Amma daga ranar ta daina leƙo ni.

Surukata, Hajiya, ita tun farko ta yanke cewa ba ciwon asibiti ba ne. A ganinta abin da ke zuwa farat ɗaya ya tafi farat ɗaya, ya kama ɓari guda, ya hana mai magana magana, ai hannu aka sa, ko kuma iska ce ta shafe ni a makewayi da asuba. Da ƙauna take faɗa, kuma ita ta riƙa biyan kuɗin rubutu da hayaƙi daga aljihunta. An yi mini ruƙiyya, na saurara da zuciya ɗaya, ayoyin Allah sun sanyaya mini rai a lokacin da nake buƙata. Hayaƙin kuwa da zarar ya bugi fuskata sai ciwon ya tashi, masu yi su ce ga shi nan, mutanen sun ji zafi. Abin da zancen sammu ya jawo mini shi ne zargi. Na fara kallon abokan aikina ɗaya bayan ɗaya ina tunanin wa na ɓata wa. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Akwai wata uku zuwa huɗu da ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, kowa ya ce maganin Hajiya ya ci. Da hunturu ya zagayo ya dawo fiye da da. A wannan zangon ne na kai inda ba na son tunawa. Ina zaune a ɗaki na rufe taga, na rufe ƙofa, na ji a raina cewa mutuwa ta fi mini wannan. Na rubuta wa maigidana haka a takarda. Ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya zauna kusa da ni ta hagu, ya tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mumini burin mutuwa saboda cutar da ta same shi, ya koyar da a ce: Ya Allah Ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare ni, Ka ɗauki raina in mutuwa ce mafi alheri gare ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Ki riƙe wannan, ni kuma gobe zan nemi mota mu tafi babban asibiti.” Daga ranar bai ƙara barina ni kaɗai a ɗaki ba, in zai fita sai ya sa 'yarmu ta zauna da ni.

A babban asibitin ma sashen haƙori muka fara zuwa, da niyyar a cire na gaba. Wata matashiyar likita ce, ba ta wuce sa'ar ɗana ba. Ta ɗauki hoton haƙoran, ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye kayan aikinta ta fara tambaya. Yaya yake zuwa? Yana daɗewa? Yana tsallakawa hagu? Yana tashe ki daga barci? 'Yata na amsawa, ni ina gyaɗa kai. Ta kawo ɗan auduga za ta taɓa gefen hancina, na riƙe hannunta tun kafin ya iso. Ta ce, “Mama, haƙoranki lafiyarsu ƙalau, ba zan cire ko ɗaya ba. Jijiya ce.” Ta rubuta mana takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Har gobe ina sa yarinyar nan a addu'a.

Likitan jijiyoyin ne ya zaunar da mu ya zana mana a takarda. Ya ce akwai jijiyoyi tagwaye 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta biyar ɗinsu ita ke ɗaukar duk abin da fuska ta ji ta kai wa ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kowace tana da rassa uku: na sama yana kula da goshi da ido, na tsakiya kunci da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama, na ƙasa muƙamuƙi da haɓa da haƙoran ƙasa, shi ne kuma ke motsa naman da muke tauna da shi. Nawa ya kama na tsakiya da na ƙasa. Sunan ciwon a asibiti tirajeminal niuraljiya. Ya ce a mafi yawan mutane wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kan wannan jijiyar a can gindinta, kusa da inda ta shiga ƙwaƙwalwa, tana bugunta da kowane bugun zuciya har rigar da ke lulluɓe da ita ta sale. In robar wayar lantarki ta sale, wayoyi na haɗuwa wuta ta yi tartsatsi. Haka saƙon taɓawa mai sauƙi ke tsallakawa ya zama saƙon azaba. Shi ya sa haƙori ke ɗaukar laifin da ba nasa ba. Ya ƙara da cewa ya fi kama mata, ya fi zuwa bayan shekara 50, ya fi son ɓarin dama, kuma ɗaukewar da yake yi na watanni ya dawo ɗabi'arsa ce.

Ɗana da ya bincika daga baya ya gaya mini wani likita a Landan, John Fothergill, ya bayyana ciwon nan dalla-dalla tun 1773. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ashe tun kafin jihadin Shehu Usmanu an san shi an rubuta shi, ni kuwa ina nan ina zargin abokan aikina.

Maganin da aka ba ni sunansa kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol. Asalinsa na farfaɗiya ne, tun 1962 aka gano yana kwantar da wannan ciwon. Likita ya fara mini da kaɗan yana ƙarawa, ya gargaɗe mu cewa in na ga ƙuraje a jiki ko gyambo a baki in dawo a ranar, kada kuma in yanke shi farat ɗaya. Cikin kwanaki kaɗan na ci tuwo da miyar kuka, na wanke fuskata duka biyun. Na kira Yayana a waya, da ya ji muryata sai ya yi shiru, can na ji yana share hanci.

Sai dai maganin ya zo da nasa. Jiri, barci a aji, mantuwa, wani lokaci in ga abu ɗaya ya zama biyu. Ga kuma bakin mutane: wani ya ga kwalin a kemis, kafin mako ya zagayo an ce ashe farfaɗiya ce ke damun Malama. Ina da 'yan mata biyu a gabana, na san abin da irin wannan zancen ke yi wa aurensu a garinmu. Mai farfaɗiya ma bawan Allah ne da ciwo ya sama, bai kamata a guje shi ba, amma haka nan na riƙa cire ƙwayoyin daga kwali ina zubawa a wata roba. Da azumi ya zo likita ya mayar da ni kan nau'in da ke aiki a hankali, in sha da sahur da buɗa-baki.

Na samu kusan shekara biyu a haka. Daga nan ciwon ya fara ɓullowa ta ƙarƙashin maganin. A ƙara yawansa, jiri ya ƙaru. Gwajin jini ya nuna gishirin jikina, wanda suke kira sodiyam, ya yi ƙasa, abin da maganin kan jawo. Aka haɗa mini da wani, bai riƙe ba. Aka tura ni hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Likita ya ce hoton na da amfani biyu: a ga ko jijiyar jini ce, a kuma tabbatar ba ƙari ba ne ko wata cutar da ke cin rigar jijiyoyi, don su ma suna kawo irin wannan ciwon, musamman ga masu ƙananan shekaru. Nawa ya nuna jijiyar jinin kwance a inda ya zana mana.

Aka shimfiɗa mini zaɓi. Akwai hanyoyin da ake bi ta kunci da allura a illata jijiyar da gangan, da zafi ko da wani ruwan magani ko da 'yar balan-balan, akwai kuma na haske da ake aunawa daga waje. Waɗannan sun fi sauƙi ga jiki, amma sukan bar fuska a mace ba a jin taɓawa sosai, kuma ciwon ya fi saurin dawowa. Sai babbar tiyata: a yanka bayan kunne, a buɗe ɗan ƙaramin wuri a ƙashin kai, a ɗaga jijiyar jinin daga kan ta fuskar, a sa ɗan guntun wata roba mai laushi da ake kira Teflon a tsakaninsu. Wani likitan Amurka, Peter Jannetta, shi ya yaɗa wannan aikin tun daga shekarun 1960. Likitan ya ce wani bincike da aka buga a 1996, wanda ya bi mutane fiye da 1,000 da aka yi wa aikin, ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 ba su da ciwon bayan shekara 10. Bai ɓoye mana haɗarin ba: raguwar ji a kunnen wajen, yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki, har da rasa rai, ko da yake waɗannan na ƙarshe ba su cika faruwa ba.

Gida ya rabu biyu. Hajiya ta ce ba a buɗe kan mutum yana tafiya da ƙafarsa. Ƙannena mata suka bi bayanta, suna kuka. Maigidana ya ce shi ba zai ce a yi ba, ba zai ce kada a yi ba, don ba a fuskarsa abin yake ba. Na yi istihara. Abin da na auna shi ne, ina da shekara 50 da 'yan kai, jikina da sauran ƙarfin ɗaukar tiyata, maganin kuwa kullum ƙara gazawa yake. In na jira shekara goma, ƙila zaɓin ma ya kuɓuce. Na kuma tuna takardar da na taɓa rubuta wa maigidana, na san ba na son komawa can. Na je har ɗakin Hajiya na durƙusa na ce, “Hajiya, ki yafe mini, ki sa mini albarka, zan je.” Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce Allah Ya sa a tashi lafiya.

Kuɗin ya fi ƙarfin albashin malamar firamare nesa ba kusa ba. Na sayar da gonar da na gada daga Baba. Yaya ne ya nemo mai saye, kuma da kuɗin bai kai ba ya cika da nasa, ya ce kada in sake tayar da zancen. Matan adashinmu suka ba ni kwasar da ba tawa ba. Aka yi aikin a wani asibiti mai nisa da garinmu. Abin da na fara yi da na farfaɗo shi ne kai yatsa gefen hancina. Na taɓa, na sake taɓawa. Shiru. Kaina na sarawa, ina amai, ɗakin na juya mini, amma wancan abin babu shi.

An ɗauki watanni ana rage mini maganin kaɗan-kaɗan har aka tsayar. Kunnena na dama ya rage ji, yara sun gane, ta hagu suke zuwa in za su kai ƙara. Na koma aji, ina waƙar baƙaƙe da wasula da su kamar da. Tsoron dai bai gama fita ba. In hunturu ya kama nakan naɗe fuskata har yanzu, kuma in wani abu ya ɗan tsikare ni a leɓe sai gabana ya faɗi.

Na shiga wurin maƙwabciyata da bakina na ba ta labari tun daga farko, na yi mata ta'aziyyar da ban iya yi ba a ranar. Ta yi kuka, ta ce ita ta ɗauka wulaƙanci ne. Muna gaisawa yanzu, tana aiko jikokinta karatu wurina da yamma, ko da yake zaman bai koma yadda yake a da ba. Ita ce ma kwanaki ta turo mini wani ɗan'uwanta, dattijo mai sayar da hatsi, da aka riga aka cire wa haƙora yana shirin cire wani. Na tambaye shi irin tambayoyin da yarinyar likitar nan ta yi mini, amsoshinsa suka zo daidai da nawa. Na ce ni ba likita ba ce, amma kada ya bari a taɓa wani haƙorin sai likitan jijiyoyi ya gan shi, na kuma sa ɗana ya raka shi. An ɗora shi a kan magani, yana samun sauƙi.

Ni kuma likitana ya ce ciwon na iya dawowa ko bayan shekaru, in ya dawo akwai sauran hanyoyi, in zo da wuri. Bayan Babbar Sallah zan koma ya duba ni, a gwada kunnen kuma. Na shiga sabon adashi, in kwasata ta zo zan sa haƙoran roba a gurbin waɗanda aka cire.